Wuƙar bindiga a ajin tarihi: ta 1899 ce ko ta gardi?

Shekarata ta shida ke nan da fitowa daga makarantar horar da malamai lokacin da aka kai ni wani ƙauye tsakanin Agye da Tasawa, aka damƙa mini ajin CM2. Duk mushen da ya taɓa riƙe wannan aji ya san darasin shigowar Nasara: ayarin Voulet da Chanoine, Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilun 1899, kisan gillar Birnin Ƙwanni cikin Mayu, harbe Kanar Klobb a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, sannan faɗuwar Damagaram a ƙarshen wannan wata. Mukan jera shekarun a allo, yara su kwafe cikin kaye, su haddace don jarrabawa, a wuce gaba. To a wannan shekara sai abin ya dame ni. Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, tana nan kusa da Tasawa, wasu yaran ma suna da dangi a can, amma muna karanta labarin kamar a wata duniya ya faru. Sai na ce kowane yaro ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai abin da ya saura na wancan zamani, labari ne ko kaya.

Ran Litinin yawancinsu hannu rabbana suka zo. Wani yaro kuwa, irin shiru-shirun nan da ke zama a bencin baya, ya fito da wani abu dogo naɗe cikin tsohon buhu, ya ajiye a kan teburina. Wuƙar bakin bindiga ce da kubenta na ƙarfe. Ya ce, "Mushe, kakan kakana ne ya ƙwace ta daga hannun sojan Nasara ranar da suka ƙone garinmu." Ajin ya yi tsit. Ban taɓa ganin fuskar yaron nan ta yi haske irin na wannan safiya ba.

Tun ina makarantar horar da malamai nake da son tsofaffin makamai, amma ba na tara ƙarfen kansa. Albashin mushe bai kai can ba, doka ma ba ta ba ni wannan dama ba. Tarina a kaye yake: duk inda na ga tsohuwar bindiga ko wuƙarta, a fada ne, a gidan tarihi ne, ko wajen maƙeri, sai in auna, in zana, in kwafe rubutun da ke jiki. Saboda haka ina zare wuƙar daga kube na san wace ce. Ba ta da kaifi ko kaɗan, tsini ne kawai, ruwanta mai kwari huɗu, wanda in ka dube shi ta baki zai ba ka alamar tarawa ta lissafi. Mariƙinta na tagulla ne, kuma babu ƙugiya a ƙarfen da ke tsare hannu. Ɗoki ya ɗebe ni, na ɗaga ta sama na ce, "Wannan ba ta ga 1899 ba. Sai bayan 1915 aka yi irinta." Wani daga baya ya ce ashe ƙarya ce, ajin ya fashe da dariya. Yaron ya naɗe kayansa bai ce uffan ba. Kwana uku bencinsa babu kowa.

Maganata gaskiya ce, kuma zan nuna dalili, don malamai da iyaye su iya duba abin da ke rataye a ɗakunan tsofaffinsu. Wurin faɗinta ne na ɓata, wannan kuma zan komo kansa.

Bindigogin sojan Faransa da suka ratsa ƙasarmu jeri ne, kowace da wuƙarta, kuma wuƙar ta fi bindigar saurin faɗin sunanta. Ta farko ita ce Chassepot ta 1866, mai harsashin takarda. Wuƙarta kamar ƙaramin takobi take, ruwanta ya lanƙwasa sau biyu, tsawonsa wajen santimita 57, mariƙin duka tagulla mai zara-zara. Sau ɗaya na taɓa riƙe irinta, a hannun wani mai sayar da tsofaffin kaya a Yamai.

Bayanta sai Gras ta 1874, wadda ta ɗauki sunan hafsan da ya tsara ta, Basile Gras. Ita ce bindigar da ya kamata kowane ɗan Afirka mai son tarihi ya sani. Harsashi ɗaya take ci, mai kwanson ƙarfe, kaurinsa milimita 11, da baƙin albarushi mai hayaƙi. Ana ja da sakatarta baya, a sa harsashi, a tura, a harba. Wuƙarta miƙaƙƙiya ce, ruwanta santimita 52, bayanta mai faɗi, ta yadda in an yanke ta a tsakiya za a ga harafin T. Mariƙin katako ne, ƙarshensa tagulla, ga ƙugiya mai lanƙwasa a gaba. Daɗin Gras shi ne ba ta ɓoye shekarunta. A gadon bayan wuƙar, kusa da mariƙi, akwai rubutu irin na hannu, mai kwance, da ke faɗin masana'anta da wata da shekara: Saint-Étienne, ko Châtellerault, ko Tulle, wasu ma a Steyr ta ƙasar Ostiriya aka ƙera su. In tsatsa ta rufe, ka shafa ɗan mai da tsumma, ka goga alli a wurin, ka share sama, sai farin ya zauna cikin haruffan. Da haka na karanta 1878 a jikin wata da wani maƙeri ya ajiye yana shirin sare ta ya yi wuƙaƙen fawa. A jikin bindigar kuma, kusa da gindin bututu, akan ga harafi ɗaya da shekara: S na Saint-Étienne, C na Châtellerault, T na Tulle. Akwai kuma lamba da ake bugawa a bindiga, a maimaita ta a wuƙa da kube. In lambar wuƙa da ta kube sun zo ɗaya, tare suka fito daga rumbun soja, ba haɗe-haɗen kasuwa ba ne.

Ta uku ita ce Lebel ta 1886, kuma da ita duniyar yaƙi ta sauya. A 1884 wani masanin haɗa magunguna, Paul Vieille, ya samo albarushi marar hayaƙi, Lebel ce bindigar soja ta farko da aka yi dominsa. Harsashinta siriri ne, milimita 8, tana ɗaukar takwas a wani bututu da ke ƙarƙashin na harbi. Wuƙarta ita ce mai kwari huɗun nan, wadda aka yi wa laƙabi da sunan mace, Rosalie. Ba ta da shekara a bayanta kamar ta Gras, sai dai siffarta ta ba da ita. Ta asali tana da ƙugiya, mariƙinta kuma na wani farin ƙarfe ne, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi zafi, ana son wuƙaƙe da yawa cikin gaggawa, sai aka koma yin mariƙi da tagulla, a 1915 kuma aka daina sa ƙugiyar, wadda dama takan sarƙe a waya mai ƙaya. Har tsofaffin ma an bi wasu an yanke musu. Wani zai ce to wataƙila ta ɗalibina tsohuwa ce, maƙerin ƙauye ya sare ƙugiyar. Na duba wurin, babu sawun zarto, a haka aka ƙera ta. Ga kuma mariƙin tagulla. Shaidu biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: lokacin da Voulet ya ratsa ƙasar Tasawa, ƙarfen wannan wuƙa bai ma shiga wuta ba.

Irin wannan wuƙa tana hawa bindigar Berthier ta 1907/15 da ta 1916, masu cin harsashi uku ko biyar a ɗan maƙalin ƙarfe. Akwai ma samfurin Berthier na 1907 da aka yi musamman don baƙaƙen sojojin da ake kira tirailleurs sénégalais, rundunar da Faidherbe ya kafa a 1857, wadda sunanta kawai ke na Senegal, mutanenta kuwa daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma aka ɗebo su. Ta ƙarshe a jerin ita ce MAS 36, wadda tsinin wuƙarta ke kwana cikin wani bututu a ƙarƙashin baki, a zaro shi a juya in an tashi aiki. Ita ce ta je Indocin da Aljeriya, ita kuma sojojin ƙasashenmu suka gada bayan 1960.

Ba na Faransa kaɗai ake gani ba. A Ayar da Damargu akan ci karo da na Italiya, masu sunan Terni ko Brescia a jiki, don Kawsan, da ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, ya zo da makaman da aka ƙwace daga Italiyawa a Fezzan, har da igwa. A garuruwan bakin iyaka kuma akwai na Ingila, irin su Martini-Henry da Lee-Enfield, masu wata alama kamar sawun kaza, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake ganin wannan ba wasan masu tara ƙarafa ba ne. Akwai tambayar da yara kan yi, kuma littattafanmu ba su amsa ta da kyau: yaya aka yi ƴan mutane kaɗan suka ci ƙasa mai sarakuna da dawakai da ganuwa? In malami ba shi da amsa, yaro zai ƙirƙiro tasa, yawanci kuma ɗayan biyu ce: ko kakanninmu ragwaye ne, ko Nasara aljani ne. Duka biyun guba ne a kan yaro.

Damagaram ba ta jahilci bindiga ba. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara ƴan bindiga, ya sa an haɗa albarushi a gida, maƙeransa har igwa suka zuba a Zinder. Hanyar fatake ta Tarabulus da Gat da Agadas tana kawo makamai. Amma yawancin abin da ke hannun dakarun sarakunanmu bindigar ƙanƙara ce, wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma, a danna da sanda, sannan a yi fatan ƙanƙarar ta ba da wuta. Kafin mai ita ya ɗura sau ɗaya, mai Gras ya harba sau da dama, yana kwance, daga nisan da dalmar ɗayan ba ta isa. Mai Lebel kuwa ko hayaƙin da zai tona inda yake babu. Wannan shi ne bambancin da ya bayyana a Tirmini, a ƙarshen Yulin 1899, ranar da rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta tari Faransawa a yammacin Zinder.

Kuma bambancin ba haka kawai ya faɗo daga sama ba, shirya shi aka yi. A watan Yulin 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a wata yarjejeniya a Burusal, babban birnin Beljiyam, da sunan yaƙi da cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani a duk faɗin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu. Abin da aka yarda a sayar mana shi ne bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ku ɗauko taswira ku duba: Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram, Tawa, har Agadas, duk muna cikin wannan zobe. A daidai lokacin kuma Faransa ta koma Lebel, rumbunanta cike da Gras ɗin da ta daina so. Inda waɗannan suka samu hanyar shiga hannun ƴan Afirka da yawa, labari ya sha bamban. Sarkin Habasha Menelik ya tara bindigogin zamani, da Gras a cikinsu, ya karya Italiya a Adwa ranar 1 ga Maris 1896, har sunan bindigar ya shiga harshen Amhara, suna ce mata wujigra. Samori Ture ya saye su, maƙeransa suka koyi gyara su da kwaikwayon su, ya yi shekaru yana wahalar da Faransa kafin a kama shi a 1898. Idan na kawo wa yara wannan, sai in ga kafaɗunsu sun ɗan miƙe. Sukan gane cewa zancen na hanyar teku ne da yarjejeniya da masana'anta, kuma waɗannan abubuwa ne da ɗan Adam ke yi.

To amma ko wuƙar Gras mai 1878 a baya ba ta isa ta rantse cewa ta je Lugu ko Ƙwanni ba. Shekarar ƙira ce kawai take faɗi. Faransa ta ci gaba da raba Gras ga masu gadi da dakarun taimako a ƙasashen da ta mallaka shekaru da yawa bayan haka, wasu kuma fatake suka kawo ta hamada. Ƙarfe yana iya cewa "ban kai wannan shekara ba", kamar yadda na ɗalibina ya ce. Ba ya iya cewa "ga wanda ya riƙe ni". Wannan sai bakin mutane, ko takarda.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, na sayi goro na nufi gidan su yaron. Kakansa na zaune a zaure, tsoho ne da ya kusa tamanin. Muka gaisa, ya bar ni na gama duk gaisuwar, sannan ya ce, "Mushe, an ce ka ce ƙarya muke."

Na ce, "Baba, ban ce haka ba, amma na yi magana inda bai kamata ba, gaban yara. Shi ya kawo ni, a yi mini aikin gafara."

Ya ce in faɗa masa abin da na gani a jikin wuƙar. Na faɗa, da zancen ƙugiya da na tagulla, ina ta sassauta murya. Ya daɗe yana jujjuya goron a hannu. Can ya aiki wata jikarsa ta ɗauko wani tsohon gwangwani daga ɗaki, ya ce ta tafi ta ba mu wuri. A ciki akwai ɗan littafin soja, takardunsa sun yi ja, gara ta ci gefe. Shekarun da ke ciki na bayan 1920 ne.

Ya ce, "Ƙona garin ba ƙarya ba ne. Kakana ya gudu daji da iyali, ya komo ya tarad da toka, rumbu ko ɗaya bai tsira ba. Wannan da kunnena na ji daga bakinsa. Wuƙa kuwa ta babana ce." An nemi samari daga wajen sarki, in ji shi, sarki kuma bai ba da ɗiyansa ba, ya ba da ɗiyan waɗanda ba su da mai tsaya musu. Baban ya yi shekara uku a soja, ya dawo da ɗan Faransanci a baki, sai kwamandan ya ɗauke shi gardi. Jar hula, bulala, karɓar haraji, kora mutane aikin dole. "A garin nan, Mushe, akwai waɗanda ubanninsu suka sha bulalarsa, kuma muna haɗa sahu da su a masallaci. Da jikokina suka tambaye ni ta wane ce, wanne zan ba su, mai toka ko mai bulala?"

Ban sami abin cewa ba. Abin da ya faɗa ya dace da abin da ke rubuce: tun 1919 Faransa ta mai da ɗaukar soja na dole abin kowace shekara a Afirka ta Yamma, na shekara uku, kuma ta hannun sarakuna ake cika adadin. Tsofaffin sojoji da yawa gardi suka zama. Aikin dole kuwa sai a 1946 aka soke shi. Duk na san wannan a takarda, amma ban taɓa tunanin yana zaune a bencin baya na ajina ba.

A nan ne nake ganin gyara a yadda muke koyar da wannan zamani. Mun raba mutanen lokacin gida biyu, jarumawan da suka ƙi da Turawan da suka ci, alhali akwai gida na uku, kuma ya fi kowanne yawa a cikin zuriyarmu. Turawan da ke ayarin Voulet ba su kai goma ba. Hannuwan da suka riƙe bindigogin, da kawunan da suka ɗauki kaya, na ƴan Afirka ne, wasu da albashi, da yawa da igiya a wuya. Kuma waɗannan sojojin ne dai suka juya suka kashe Chanoine da Voulet a Maijirgi, kwana biyu zuwa uku bayan mutuwar Klobb. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986 sun ba Sarauniya matsayin da ta cancanta, ba ni da ja a kan haka. Sai dai yaron da kakansa gardi ne, ko ɗan dako, ko tafinta, shi ma yana buƙatar wurin zama a cikin darasin, in ba haka ba gidansu zai ƙera masa wani kakan.

Na roƙi Baba izini, ya ba ni da sharaɗin kada in ambaci gidansa. Ran da yaron ya dawo na ba shi haƙuri gaban ajin da na kunyata shi a ciki. Na ce musu ƙona garin gaskiya ne, kakan kakansa ya gani da idonsa, wuƙar kuma ta zo gidan daga baya, ta wata hanya, kuma ita kaɗai ce shaida ta ƙarfe da duk ajin ya iya kawowa. Mako na gaba muka yi darasi a kan sojan dole da gardi da aikin dole, ba sunan kowa. Da na tambaya wa ya taɓa jin an ce wani kakansa ya yi soja zamanin Nasara, hannu biyar suka tashi, a hankali, kowa na satar kallon ɗan'uwansa.

Ga malamin da ke son gwada irin wannan, ina da ƴan shawarwari da na saya da tsada. Kada a ce yara su kawo kayan lakwal. Ni na yi, kuma Allah ne ya tsare, don da bindiga wani ya ɗauko fa? Bindigar ƙanƙara tana iya kwana shekara hamsin da ɗuri a cikinta, tsohon harsashi kuma ba abin wasa ba ne, balle a jefa shi wuta. Malami ne zai je gidan, ya gaida masu shi, ya nemi izini. A auna tsawo, a ɗauki hoto da salula tare da abin awo a gefe, a kwafe kowane harafi da lamba yadda suke. Kada a goge da yashi ko toka don ta yi ƙyalli, rubutun ake kashewa. Sannan a rubuta labarin gidan daban, da bakin wanda ya faɗa, da shekarunsa, da wanda shi ya ji daga gare shi, ko da ya saɓa wa ƙarfen. In sun saɓa, da dattijon gidan za a fara magana, a zaure, ba da yaro a gaban allo ba.

Kada kuma a ɗauki bindiga, kome tsatsarta, a hau babur da ita. Riƙe bindiga a ƙasar nan sai da izinin hukuma, akwai ma hukumar ƙasa ta tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma a halin da yankin Maraɗi ke ciki jandarman da ke kan shinge ba zai tsaya karanta Saint-Étienne ba. Abin takaici ne ma yadda kalmar ta lalace a bakinmu. Muna yara, in an ce ƴan bindiga, dakarun fada ake nufi, masu cika gari da hayaƙi ranar hawan salla. Yau in ka faɗe ta a Madarumfa ko Gidan Rumji sai mata su fara neman ƴaƴansu. In gida na son rabuwa da irin wannan kaya, a sanar da hukuma, a nemi hanyar da zai kai gidan tarihi, ko na ƙasa mai sunan Boubou Hama da ke Yamai tun 1959, ko na Damagaram.

Masu saye kuwa suna yawo. Sukan bi ƙauyuka suna tambayar tsofaffin takubba, da sirdi, da littattafan hannu, da irin waɗannan wuƙaƙe. Akwai dokar 1997 da ta kare kayan tarihin ƙasa, amma mai buhu a bayan babur ba ya tambayar ta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a Turai wuƙar Lebel ba wani abin nema ba ce, an ƙera su da ɗimbin yawa, suna nan jibge a kasuwannin tsofaffin kaya. In ta bar gidan da ya san labarinta, ta zama ɗaya cikin dubbai. Nan ne kawai take da nauyi, inda ake iya cewa ga wanda ya rataye ta, ga garin da ya karɓi haraji.

An sauya mini wurin aiki bayan shekara biyu. Bara da damina sai ga kira daga wata lamba da ban sani ba, ashe ɗalibin nan nawa ne, ya zama magidanci, har yana koyarwa shi ma a wani ƙauye ta wajen Mayayi. Ya ce Baba ya rasu da daɗewa, kuma kafin rasuwarsa ya kira shi ya faɗa masa zancen gardin da bakinsa. Wuƙar kuwa wani kawunsa ya sayar da ita jika talatin a wata shekarar da hatsi ya yi tsada, gwangwanin kuma ba a san inda ya shiga ba wajen rabon kaya. Ya tambaye ni ko har yanzu ina da kayen nan. Na ce yana nan. Ya ce in ɗauki hoton shafin in tura masa ta WhatsApp, da zanen da lambar da abin da na kwafa daga littafin sojan, don yana da darasin shigowar Nasara ran Alhamis.